Darasi na Bakwai: Yadda Ruwa da Iska ke Cin Ma'adinai a Tsaunukan Riruwai

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai karatu ya iya:

1. faɗar abin da ake nufi da ma'adinin salfayid, ya kawo misali huɗu;
2. bayyana aikin oksijin da aikin ruwa, kowanne daban;
3. lissafa yadda niƙa dutse ke ƙara faɗin fuskarsa;
4. gane alamun gurɓataccen ruwa kusa da ramin haƙa;
5. ambata matakan kare rijiya da gona da yara.

GABATARWA

Kudu da Kiru da Bebeji, in an wuce Tudun Wada da dajin Falgore, sai a isa Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa. Tsaunukan da suka kewaye garin saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ne, wanda shekarunsa suka kai kimanin miliyan 170. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin ke wanke kuza suna narka ta. A tsakiyar tsaunukan akwai wata jijiyar ma'adini mai tsawon kimanin kilomita 5, ta miƙe daga gabas zuwa yamma. A shekarun 1970 an bi ta da ramin ƙarƙashin ƙasa, aikin ya tsaya a shekarun 1980, amma har yau ƙananan mahaƙa na neman abincinsu a yankin.

Ba kuza kaɗai ke cikin jijiyar ba. Akwai ma'adinan tutiya da dalma da jan ƙarfe, duk a cakuɗe. Amma mai wanke yashi a rafi kuza yake samu, da wuya ya ga sauran. Ina suke tafiya? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu, kuma ta shafi ruwan da muke sha.

1. MENE NE MA'ADININ SALFAYID?

Kusan kowa ya san farar wuta, wannan abu mai launin rawaya da ake sayarwa a kasuwa don maganin ƙaiƙayi. A can cikin ƙasa, inda zafi ya yi yawa kuma iska ba ta kaiwa, farar wuta na haɗuwa da ƙarafa iri-iri ta zama dutse mai nauyi da ƙyalli. Irin wannan dutse ake kira salfayid. Guda huɗu ne suka fi shafar mu:

Firait: baƙin ƙarfe da farar wuta. Launinsa rawaya ne mai ƙyalli, har wasu kan ɗauka zinariya ce.
Galina: dalma da farar wuta. Launin toka gare ta, da nauyi da sheƙi. Tozalin dutse da ake sa wa a ido, sau da yawa galina ce aka niƙa.
Isfalarait: tutiya da farar wuta. Launinsa ruwan ƙasa ne zuwa baƙi. Shi ne salfayid da ya fi yawa a jijiyar Riruwai.
Kalkofirait: jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da farar wuta.

Kuza ba ta cikin wannan dangi. Tun a cikin ƙasa ta riga ta haɗu da oksijin, don haka iska ba ta da sauran abin da za ta ci a jikinta. Shi ya sa take jure ruwa da rana, ta gangara rafi ta kwanta cikin yashi. Su kuwa salfayid, da zarar sun fito sarari sai su fara lalacewa.

AKWATIN KALMOMI NA 1
Ma'adini: abin da ake samu a cikin ƙasa ko dutse, wanda yake da haɗi iri ɗaya da kamanni sanannu.
Salfayid: ma'adinin da ƙarfe ya haɗu da farar wuta a cikinsa, babu oksijin.
Oksijin: ɓangaren iska da muke shaƙa, wanda wuta ba ta ci sai da shi. Kashi 21 ne cikin 100 na iska.

2. AIKIN OKSIJIN

Manomin da ya manta fartanyarsa a gona da damina ya san abin da zai tarar: bakinta ya yi ja, ya yi tsatsa. Abin da ke samun salfayid ke nan. Masana na cewa oksijin yana jan wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki, masu suna ilektaron, daga jikin ma'adinin. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke riƙe ƙarfe da farar wuta wuri guda. In aka janye su, riƙon sai ya yi rauni, haɗin ya fara warwarewa.

Wannan aiki daga waje yake farawa, wato a fuskar dutsen da iska ke taɓawa. Cikin dutsen yana nan lafiya har sai an kai gare shi. Ku fasa tsohon dutse daga bakin rami, za ku ga bayansa ya dushe ko ya yi ja, cikinsa kuwa yana sheƙi kamar yau aka haƙo shi.

In wuri a bushe yake sarai, oksijin ba ya yin nisa. Yakan yi ɗan siririn rufi a kan fuskar, daga nan aikin ya yi sanyi ƙwarai, domin babu abin da zai kwashe rufin ya buɗe sabuwar fuska.

3. AIKIN RUWA

Ruwa yana yin aiki uku.

Na farko, shi ne hanya. Ko ɗan danshin da ido ba ya gani, in ya kwanta a kan dutse, oksijin na narkewa a cikinsa ya isa ga ma'adinin, ƙwayoyin lantarki kuma su sami wurin bi.

Na biyu, ruwan kansa yana shiga haɗin. Ƙwayar ruwa tana da oksijin nata a jikinta. Binciken masana ya nuna cewa in farar wuta ta rikiɗe ta zama salfet, mafi yawan oksijin da ke maƙale mata daga jikin ruwa yake fitowa. Oksijin na iska, babban aikinsa jan ilektaron ne.

Na uku, ruwa ne mai kwasa. Yana wanke abin da ya narke, ya bar sabuwar fuska a buɗe, sannan ya kai abin da ya kwasa rafi ko fadama ko rijiya.

Amma ruwa kaɗai ma ba ya yin nisa. Ruwa ba ya ɗaukar oksijin da yawa, kuma tafiyar oksijin a cikin ruwan da ke tsaye ta fi tafiyarsa cikin iska nawa da kusan sau 10,000.

MISALI NA 1
Kilo 1 na firait yana buƙatar kimanin kilo 1 na oksijin kafin ya lalace gaba ɗaya. Kilo 1 miligiram 1,000,000 ne.
Lita 1 ta ruwa tana ɗauke da oksijin kimanin miligiram 8. To, 1,000,000 ÷ 8 = lita 125,000. In aka zuba a jarka mai lita 25, jarka 5,000 ke nan.
Lita 1 ta iska tana ɗauke da kimanin miligiram 280. To, 1,000,000 ÷ 280 ya kai kusan lita 3,600, wato jarka 144 kawai.
Abin lura: dutsen da ya nutse cikin ruwa mai zurfi, wanda ba ya motsi, oksijin kaɗan ke isa gare shi.

Ga dokar da ya kamata kowa ya riƙe. Dutsen da ya bushe sarai yana lalacewa a hankali. Dutsen da ya nutse sarai shi ma a hankali. Wanda ke lalacewa da sauri shi ne mai danshi da iska ke ratsawa, wanda yake jiƙewa yau ya sha iska gobe. Tulin ɓaraguzan da ake bari a bakin rami haka yake zama duk damina.

AKWATIN KALMOMI NA 2
Tsatsar ma'adini: lalacewar ma'adini in oksijin ya janye ƙwayoyin lantarkinsa.
Fuskar ma'adini: ɓangaren dutse da iska da ruwa ke taɓawa.
Salfet: abin da farar wuta ke zama bayan ta haɗu da oksijin. Yawancin irinsa na narkewa a ruwa.
Ɓaraguzai: duwatsu da turɓayar da suka rage bayan an cire abin sayarwa.

4. ME YA SA NIƘA KE ƘARA SAURI?

Tunda a fuska ake aikin, duk abin da ya ƙara faɗin fuska ya ƙara saurin lalacewa. Jijiyar da ke kwance a cikin tsauni fuskarta kaɗan ce a buɗe, shi ya sa ta daɗe miliyoyin shekaru. Diga da guduma da injin niƙa su ne ke canza lissafin.

MISALI NA 2
Mu ɗauki dutse mai siffar akwati, tsawo da faɗi da tsayi kowanne santimita 10. Yana da gefe 6, kowane gefe 10 × 10 = 100. Jimillar fuskarsa murabba'in santimita 600.
Mu farfasa shi zuwa ƙananan guntaye masu santimita 1. Za a sami guntaye 1,000, kowanne fuskarsa 6. Jimilla 6,000.
Mu niƙa shi zuwa tsaki mai milimita 1. Jimilla ta zama 60,000.
Nauyin dutsen bai canza ba, amma fuskarsa ta ninka sau 100. In ya zama gari, ninkin ya wuce haka nesa.

5. FIRAIT DA RUWA MAI ASID

A cikin dangin salfayid, firait ne ya fi haifar da asid. Ga haɗin a taƙaice:

firait + oksijin + ruwa = jar tsatsa + asid

Masu ilmin kimiyya na rubuta shi haka: 4FeS2 + 15O2 + 14H2O = 4Fe(OH)3 + 8H2SO4. Wannan asid irin na ruwan batirin mota ne, sai dai a surke yake da ruwa.

Ana auna ƙarfin asid da ma'aunin pH. Tsabtataccen ruwa 7 ne. Ruwan sama kimanin 5.6. Ruwan lemon tsami kimanin 2. Ruwan sha ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Duk sauka ɗaya a ma'aunin na nufin asid ya ninka sau 10, don haka ruwa mai pH 3 ya fi mai pH 5 asid sau 100.

Da zarar asid ya fara taruwa, abu biyu ke ƙara wa aikin gudu. Na ɗaya, baƙin ƙarfen da ya narke ya sha oksijin, shi ma yana komawa ya ci firait, kuma ya fi oksijin saurin ci. Na biyu, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa cikin ruwa mai asid, abincinsu shi ne wannan narkakken ƙarfe. An fara gano irinsu a 1947 a ruwan ramin kwal a Amurka. A 1970 masana biyu, Singer da Stumm, suka nuna cewa bakteriyar na iya ninka saurin wannan mataki har kusan sau miliyan. Zafi ma yana taimaka wa bakteriyar, ƙasarmu kuwa mai zafi ce.

Wannan ba labarin littafi ba ne kawai. Kogin Rio Tinto na ƙasar Sifen, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙa, ruwansa ja ne, pH ɗinsa kusan 2. A nan gida, tsofaffin ramukan kwal na Inugu sun daɗe suna fitar da ruwa mai asid saboda firait da ke cikin kwal da duwatsun da ke tare da shi.

Dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Ashaka da Kalambaina, yana kashe asid. Amma dutsen tsaunukan Riruwai giranait ne, wanda ba shi da ƙarfin kashe asid sosai. Saboda haka ko firait kaɗan ne a tuli, bai kamata a raina shi ba.

MISALI NA 3
Kilo 1 na firait na iya ba da asid kimanin kilo 1.6, wanda ke buƙatar farar ƙasa kimanin kilo 1.7 kafin ya mutu.
A ce ƙungiyar mahaƙa ta tara ɓaraguzai kilo 1,000, kuma kashi 2 cikin 100 firait ne. Firait ɗin kilo 20 ke nan.
Asid: 20 × 1.6 = kilo 32.
Farar ƙasa: 20 × 1.7 = kilo 34.
Ba rana ɗaya asid ɗin zai fito ba. Zai riƙa tsatsowa damina bayan damina, ko da an daɗe da barin ramin.

AKWATIN KALMOMI NA 3
Asid: sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe da dutse.
pH: ma'aunin ƙarfin asid. Ƙasa da 7 asid ne, kuma ƙaramar lamba ta fi ƙarfi.
Bakteriya: ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita.
Hular tsatsa: jan dutse mai ramuka-ramuka da ke saman jijiyar salfayid, bayan ruwa da iska sun cinye ta daga sama. Masu neman ma'adinai na bin sa a matsayin alama.

6. INA SAURAN ƘARAFAN KE TAFIYA?

Yanzu za mu iya amsa tambayar da muka fara da ita.

Isfalarait yana zama salfet na tutiya, wanda ke narkewa ya bi ruwa. Sau da yawa akwai wani ƙarfe mai guba, kadmiyom, a ɓoye cikinsa, shi ma sai ya fita. Kadmiyom na lalata ƙoda a hankali.

Kalkofirait yana barin tabo kore ko shuɗi a jikin dutse.

Galina takan yi farin rufi ko mai launin toka. Da farko salfet na dalma ne, daga baya ya koma wani haɗi da ake kira kabonet na dalma. Galina da isfalarait su kaɗai ba sa ba da asid da yawa, amma in suna manne da firait, ko ruwa mai asid ya bi ta kansu, lalacewarsu na ƙara sauri.

Batun dalma ya fi kowanne nauyi. A 2010 aka gano cewa gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. Dutsen zinariya ake kaiwa cikin gida ana daka shi ana niƙawa, ga shi kuwa cike da dalma. Da masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka auna dutsen, sai suka ga ruwa da iska sun riga sun mayar da galina da yawa kabonet tun kafin a haƙo ta. Shi kuwa kabonet yana narkewa cikin sauƙi a cikin ɗan Adam, ya shiga jini. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa mu ɗauki darasi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma a ruwan sha ta wuce miligiram 0.01 a lita. Wannan adadi ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jin sa, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi.

7. DAMINA DA RANI

Kudancin Kano ya fi sauran jihar samun ruwan sama. Da damina tulin ɓaraguzai na jiƙewa yana shan iska a kai a kai. Da rani danshin da ya rage a ciki yana hawowa sama ya bushe, ya bar farin gari ko rawaya a kan tulin. Wannan gari salfet ne, ɗauke da asid da ƙarafa. Iskar hunturu na ɗibarsa, awaki da shanu kan lashe shi. In ruwan farko ya sauka, sai ya narkar da abin da ya taru wata da watanni a lokaci guda. Don haka ruwan da ya fara gangarowa daga tuli a farkon damina shi ya fi haɗari.

Abin bai tsaya ga mutanen bakin rami ba. Ruwa gangare yake bi. Yawancin rafukan kudancin jihar Kogin Kano suke faɗawa, shi kuma ya cika madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka gama a 1974, wadda dubban manoman rani suka dogara da ita.

Alamun da za a lura da su: jan laka a gindin rafi, farin gari a kan tuli da rani, tabon kore ko shuɗi a dutse, ciyawar da ta ƙi fitowa a hanyar ruwa, da kududdufin da babu kwaɗo ko kifi a ciki. Amma ruwa na iya zama garau kuma yana da guba. Awo ne kaɗai ke tabbatarwa.

8. MATAKAN KARIYA

Dabarar guda ce: a raba ma'adinin da ruwa, ko a raba shi da iska.

1. A tara ɓaraguzai a tudu, nesa da rafi da rijiya da fadama.
2. A yi lambatu a saman tulin don ruwan gangare ya kauce masa.
3. A rufe tulin da yumɓu mai kauri, a daddaɓe, a zuba ƙasa a sama, a shuka ciyawa.
4. In akwai hali, a gauraya niƙaƙƙiyar farar ƙasa da ɓaraguzai masu firait.
5. Kada a daka ko a niƙa dutsen haƙa a cikin gida, kuma kada a yi amfani da turmin abinci ko injin niƙan hatsi.
6. Mahaƙi ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro.
7. Kada a sha ruwan tsohon rami, kada a shayar da dabbobi, kada a yi ban ruwa da shi sai an auna.
8. Kada a sa wa jarirai da ƙananan yara tozalin dutse.
9. Mahaƙa su haɗu a ƙungiya su yi rajista, kamar yadda Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanada. Aikin lambatu da rufe tuli ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

AIKIN GWAJI A AJI

A samo kwalabe uku da ƙusoshi uku na baƙin ƙarfe, a goge su da yashi har su yi haske. A sa na farko a busasshiyar kwalba a rufe. A sa na biyu a kwalbar da aka cika da tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ɗan man gyaɗa a sama, a rufe. A sa na uku a kwalba mai ruwa kaɗan, rabinsa a ciki rabinsa a waje, a bar ta a buɗe. Bayan mako guda a duba, kowa ya rubuta abin da ya gani da dalilinsa.

TAƘAITAWA

Salfayid haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Oksijin na warware haɗin, ruwa na ba shi hanya, ya shiga haɗin, ya kwashe abin da ya narke. Ɗayansu shi kaɗai ba ya sauri. Niƙa na ninka fuska, firait na haifar da asid, bakteriya na ƙara gudu, ƙarafa masu guba kuma na bin ruwa da ƙura su iso ga mutane. Haƙa sana'a ce ta halal mai tsohon tarihi a wannan yanki, kuma kula da ɓaraguzai ɓangare ne na sana'ar.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi
1. Salfayid haɗin ƙarfe ne da __________.
2. Ma'adinin dalma da farar wuta sunansa __________.
3. Oksijin kashi __________ ne cikin 100 na iska.
4. Ruwan sha ana so pH ɗinsa ya kasance tsakanin __________ da __________.

B. Gaskiya ko ƙarya
5. Tafasa ruwa na cire dalma.
6. Kuza na cikin dangin salfayid.
7. Ruwan da yake garau ba shi da guba.

C. Amsa a taƙaice
8. Faɗi ayyuka uku da ruwa ke yi wajen tsatsar ma'adini.
9. Me ya sa ake samun kuza a yashin rafi, amma da wuya a sami isfalarait?
10. Me ya sa ruwan farkon damina da ya bi ta kan tuli ya fi haɗari?

D. Lissafi
11. Tuli mai kilo 2,000 yana da firait kashi 3 cikin 100. Kilo nawa ne firait ɗin? Asid kilo nawa zai iya bayarwa? Farar ƙasa kilo nawa ake buƙata?
12. Ruwa mai pH 4 ya fi mai pH 7 asid sau nawa?

E. Aikin gida
13. Ku zana taswirar unguwarku ko ƙauyenku, ku nuna rijiyoyi da rafi da duk wani rami ko wurin niƙa dutse. Ku zaɓi mataki ɗaya daga sashe na 8 da za a iya farawa kafin damina mai zuwa, ku tattauna shi da mai unguwa da shugabannin mahaƙa, ku kawo wa aji sakamakon.